Gida da Makaranta: Abin da Tarihin Ikkilisiyarmu Ya Koya Mana

Makarantun mishan na farko a ƙasarmu sun fara aiki ba tare da iyaye ba. A 1909 mishan ɗin SUM ta buɗe gidan 'yantattun bayi a Rumasha, inda aka tara yaran da cinikin bayi ya raba da danginsu. A can mishan ce uwa, ita ce uba. A Zariya kuma, inda Dokta Walter Miller na CMS ya zauna daga 1905, yara suna kwana a gidansa, suna ci suna karatu a hannunsa, kafin a mayar da aikin Wusasa a 1929. Wannan tsari ya haifar da mutane masu ilimi, amma yana da tsada: yaron da ya girma nesa da gida yakan koma garinsu kamar baƙo.

Da bishara ta shiga ƙauyuka, sai abin ya sāke. Masu bi da kansu suke yin tubali, su yanko ciyawa, su gina ɗakin da zai zama majami'a ran Lahadi, aji kuma sauran kwanaki. Mai bishara shi ne malami. A wurare da yawa jama'a sukan yi masa gayya a gona. Uban da ya saki yaronsa daga kiwo domin ya koyi karatu ya ba da abu mai daraja, saboda haka yakan bi sawun abin da ake koya masa. Sau da dama yaron ne yake karanta wa iyalin Littafi Mai Tsarki da dare, musamman bayan fitowar juyin Hausa a 1932. Makarantar horar da malamai da masu bishara da aka buɗe a Gindiri a 1934 ita ta riƙa ba irin waɗannan ƙauyuka ma'aikata.

A shekarun 1970 gwamnatocin jihohi suka karɓi makarantun mishan, shirin ilimin firamare kyauta na 1976 kuma ya buɗe ƙofa ga yara masu ɗimbin yawa. Wannan alheri ne, kada mu raina shi. Amma iyaye suka fara ganin makaranta ta gwamnati ce, ba tasu ba. Da ikkilisiyoyi suka sāke buɗe makarantunsu daga baya, an gina yawancinsu bisa kuɗin makaranta. Mai biya yana jiran sakamako, kamar wanda ya kai ɗinki wurin tela.

A nan haɗarin yake a gare mu. Kubawar Shari'a sura 6 da Afisawa sura 6 sun ɗora nauyin tarbiyya a wuyan iyaye. Malami mataimaki ne, ba magaji ba. In gida ya sakar wa makaranta, makaranta kuma ta zaci gida yana yi, yaron zai tashi ba mai riƙe da shi.

Mu da za mu shugabanci ikkilisiyoyi masu makarantu, bari mu tambayi kanmu: ban da ranar biyan kuɗi, yaushe iyaye suke shiga makarantarmu? Malaman sun san gidajen ɗalibansu? Ɗan gwauruwar da take ba da baiko kowace Lahadi yana da wurin zama a ajin da baikonta ya gina? Dattawa da Zumuntar Mata su zauna a kan waɗannan tambayoyi kafin a ƙara ko tubali ɗaya.