Jaridar Senti Ɗaya

A 1883 Joseph Pulitzer, ɗan ci-rani daga Hangari wanda ya riga ya yi suna da jaridar Post-Dispatch a St. Louis, ya tsallako New York ya sayi World daga hannun attajiri Jay Gould. Jaridar ta kusa mutuwa, kwafi wajen 15,000 take sayarwa a rana. Ya cika ta da labarin kisa da almundahana da zane-zane, cikin Turanci mai sauƙi da baƙin da suka sauka daga jirgin ruwa jiya za su iya bi. Kafin a ankara ta wuce kowa a birnin.

Can a San Francisco, William Randolph Hearst yana kallo. Ɗan mai ma'adinai ne, ya karɓi Examiner daga mahaifinsa a 1887, kuma salon Pulitzer ya kwaikwaya har ya iya. A 1895 ya iso New York da kuɗin mahaifiyarsa, ya sayi Journal, ya sa mata senti ɗaya alhali World tana senti biyu. Da shekara ta kewayo ya kwashe ma'aikatan World ta Lahadi gaba ɗaya da albashi mai tsoka, daga baya ya ƙara da Richard Outcault, mai zanen yaron nan mai rawayar riga. Pulitzer ya sa wani ya ci gaba da zana yaron, sai ga yaro ɗaya a jarida biyu. Daga nan aka samo laƙabin aikin jarida mai rawaya. Shi ma Pulitzer dole ya sauko senti ɗaya.

Mu da muke rubuta manhaja mun san wannan lissafi, don kusan shi muke yi. Ana karya farashi, ko a bayar kyauta, domin a tara jama'a, sannan a sayar da yawansu ga masu talla. A wancan zamani manyan kantuna ne ke biya, kuma gwargwadon kwafin da aka sayar suke biya. Editan da aka auna aikinsa da wannan lamba kaɗai, duk abin da zai ɗaga ta shi zai buga.

An ga haka ranar 15 ga Fabrairu 1898, da jirgin yaƙin Amurka mai suna Maine ya fashe a tashar Havana, mutum sama da 260 suka mutu. Ba a gama bincike ba Journal ta nuna Sifaniya da yatsa, har ta sa ladan dala 50,000. A 1976 binciken Admiral Rickover ya karkata ga gobara a rumbun gawayin jirgin. Masu cewa jaridun nan su suka jawo yaƙin sun ɗan zarce, a ganinmu, domin majalisa da Shugaba McKinley suna da nasu dalilan. Amma lokacin yaƙin kowace daga cikin biyun ta haura kwafi miliyan a rana.

Waɗanda aka matse su ne yara masu tallar jarida. An ƙara musu kuɗin sari daga senti 50 zuwa 60 kan kwafi ɗari, kuma abin da ya yi kwantai asararsu ce. Bayan yaƙi sauran jaridu suka sauke, World da Journal suka ƙi. A Yulin 1899 yaran suka shiga yajin aiki na kusan mako biyu. Farashin bai sauka ba, amma kamfanonin suka yarda su riƙa karɓar kwantan. Shekara guda bayan haka Hearst ya buɗe jarida a Chicago, sai Los Angeles a 1903, sai Boston a 1904.