Daga Minjirya Zuwa Na'urar Motsa Ƙwaƙwalwa

Masuntanmu na Gummi sun san minjirya sarai: kana taɓa ta, hannu ya sage har kafaɗa. To, da kifi mai irin wannan wuta aka fara jona wa kan mutum lantarki. Wajen shekara ta 47 Miladiyya, likitan Rumawa Scribonius Largus ya rubuta cewa a ɗora wa mai matsanancin ciwon kai wani kifin teku, da ransa, har sai wurin ya daina ji.

A 1938, a Roma, Cerletti da Bini suka kawo inji mai jijjiga majinyaci. A 2000 kuma Nitsche da Paulus a Jamus suka nuna cewa 'yar wuta kaɗan ta fatar kai, ba tiyata, tana iya zaburar da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ko ta lafar da su na ɗan lokaci.

Na ɗan lokaci fa. Ina nanatawa ne saboda yaran Dareta da 'Yargalma da gubar dalma ta taɓa wa ƙwaƙwalwa a 2010. Kar wani ya tallata wa iyayensu na'ura. Lantarki ba ya fitar da dalma daga jini. Maganin da likitocin MSF suka bayar da kwashe gurɓatacciyar ƙasa ne suka rage ta.