Daga Sallamar Ubangida Zuwa Kotun Ƙwadago: Waiwaye Kan Korar Ma'aikata a Damagaram

A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, aiki a Damagaram yana hannun bayi da barori da ƴan ƙodago. Babban attajiri irin Malam Yaro, da ya shahara bayansa, yaransa ne ke kai masa fatu da gashin jimina kasuwanni masu nisa. Ci da sha da tufa da auren bara duk suna wuyan ubangida, kuma ranar da ya ce "na sallame ka", magana ta ƙare. Alƙali zai iya sauraron wanda aka hana wa ladan aikinsa, domin fiƙihun Malikiyya ya san ijara. Korar kanta kuwa ba abin kai ƙara ba ce. Sai dai bara ya nemi wani dattijo ya je ya ba da baki.

Faransawa sun kama garin a 1899, suka mai da shi hedikwatar ƙasa daga 1911 zuwa 1926. Sun zo da albashi, sun kuma zo da aikin tilas, wanda ba a soke ba sai da dokar Houphouët-Boigny ta 11 ga Afrilu 1946. A kantunan kamfanonin Nasara da ke sayen gyaɗa da fatu, ana iya sallamar lebura ko akawu da safe, a ɗauki wani kafin azahar.

Sauyi ya zo ne da gumin ƴan ƙwadago. A ranar 3 ga Nuwamba 1952 ma'aikata suka tsunduma yajin aiki a faɗin Afirka ta Yamma da Faransa ke mulka, a ranar 15 ga Disamba kuma dokar aiki ta ƙasashen renon Faransa ta fito. Ita ta kafa kotunan ƙwadago, ta ƙarfafa hannun sufetocin aiki, ta ce wanda aka kora bisa zalunci yana da diyya. Shugabannin ƙungiyoyin ƙwadago irin su Djibo Bakary suka tsaya kai da fata don a yi aiki da ita a Nijar. Bayan ƴancin kai aka yi dokar 1962, sai yarjejeniyar 1972 tsakanin ma'aikata da masu ɗaukar aiki, wadda ta fayyace wa'adin sanarwa da kuɗin sallama.

Jarrabawa mai tsanani ta biyo bayan karyewar kasuwar gyaɗa da matakan tsuke bakin aljihu na shekarun 1980 da 1990. Masana'antun man gyaɗa na Matamaye da Magarya suka durƙushe, kamfanin SOTRAMIL mai sarrafa gero a Damagaram shi ma ya bi sahu. Nan ma'aikata suka ga cewa haƙƙi a takarda ba ya cika tukunya idan wanda zai biya ya riga ya karye. Aka sake dokar a 1996, sannan aka kawo wadda ake aiki da ita yanzu a ranar 25 ga Satumba 2012, wata goma bayan buɗe matatar mai ta SORAZ, wadda ta dawo wa jihar Damagaram da manyan ayyukan albashi da kuma takaddama kan bambancin biya tsakanin ƴan ƙasa da baƙi.

Dokar ta 2012 ta ce kora sai da dalili na gaskiya: gazawa, ko laifi, ko matsin da ya sami kamfani. Shiga ƙungiya ko juna biyu ba dalili ba ne, kuma ba a korar wakilin ma'aikata sai da izinin sufeto. A ofishin sufeton ake fara neman sulhu. Korarre ya shigo da takardun albashi a cikin leda, mai aiki ya turo wakilinsa, a zauna ana lissafin shekarun aiki da hutun da ba a biya ba. In an daidaita a rubuta a sa hannu, in an kasa a nufi kotu, inda alƙali ke zama da wakilan ɓangarorin biyu, ba a kuma biyan kuɗin shigar da ƙara. Wanda hukunci bai gamsar ba, ga kotun ɗaukaka ƙara nan cikin gari.

Waɗanda suka rage su ne masu yawa. Yaron shago a kasuwar Dole, da direba, da maigadi, da ƴar aikin gida, da baki aka ɗauke su, da baki ake sallamarsu kamar zamanin barantaka, wasu ma ba sa samun jika 42 da aka ƙayyade mafi ƙarancin albashi tun 2024. Doka ta yarda da yarjejeniyar baki, shaidu kuma suna iya tabbatar da ita, amma kunya da jin nauyin maigida na hana ma'aikatan zuwa wurin sufeto. Ya kamata ƙungiyoyin ƙwadago da gidajen rediyon Damagaram su riƙa bayyana wannan haƙƙi da Hausa, a kuma ƙara wa sufetoci ma'aikata da abin hawa, domin su isa shaguna da garejoji inda aka fi yin korar.