Tarihin Naɗar Ƙarar Injin Dizal Domin Ƙananan Jiragen Ƙasa na Kwaikwayo

Naɗar ƙarar injin dizal wani reshe ne na sana'ar ƙera ƙananan jiragen ƙasa na kwaikwayo, sana'ar da take da ƙarfi a Amurka, Jamus da Birtaniya. Ana ɗauko sautin kan jirgi na gaske, a tace shi, a zuba shi cikin 'yar na'urar da ke cikin ƙaramin jirgin, yadda zai yi ruri daidai da aikin da yake yi a kan dogo.

Da farko kwaikwayon sauti kawai ake yi. A 1935 kamfanin Lionel na Amurka ya sa wa jiragensa usur, wanda wata 'yar fanka ke hura wa iska. Da ya fito da kan jirgin dizal samfurin F3 a 1948, sai ya sa masa ham mai aiki da batir, ba tare da ƙarar inji ba. Batirin nan ya yi ɓarna, domin da yawa an manta shi a ciki har ya yi yoyo ya cinye ƙarfen. A shekarun 1970 na'urar kamfanin Pacific Fast Mail ta yi suna: tana haɗa sauti a wani akwati, ta tura shi ta cikin dogo zuwa lasifikar da ke jirgin.

Jirgin tururi ne ya fi cin moriyar waɗannan dabaru, kuma dalilin a fili yake. Kan jirgin tururi mai silinda biyu yana fitar da huci sau huɗu a duk juyi ɗaya na ƙafafunsa, saboda haka da an lissafa juyin ƙafa, an sami sautin. Na dizal ba haka yake ba. A yawancinsu inji yana juya janareta ne, wutar janaretan kuma ita ke tafiyar da motocin lantarki da ke juya ƙafafu. Direba na da totur mai matakai takwas bayan silo. Zai iya kai shi mataki na takwas, inji na ta ruri, jirgin kuwa da ƙyar yake jan jiki saboda nauyin taragu, kamar babbar mota maƙare da kaya tana hawan tudu. Zai kuma iya gangarowa a guje injin yana silo. Duk na'urar da ta ɗaura ƙarar inji a kan gudun ƙafa kaɗai, ƙarya take yi wa kunne, kuma an daɗe ana sayar da irinta.

Sautin da aka naɗa daga jirgi na gaske ya shigo kasuwa sosai a 1989, da tsarin RailSounds na Lionel, wanda daga baya mawaƙin nan Neil Young ya sa hannu wajen inganta shi. A tsakiyar shekarun 1990 ƙungiyar NMRA ta masu wannan sha'awa a Amurka ta amince da tsarin DCC, wanda ya samo asali daga kamfanin Lenz na Jamus. Da shi ake aika wa kowane kan jirgi umarninsa dabam ta cikin dogo ɗaya, kuma wuta ba ta yankewa ko jirgi na tsaye. Wannan ya sa inji zai iya yin silo a tasha. Kafin ƙarshen shekarun, kamfanonin SoundTraxx na garin Durango a jihar Colorado da ESU na Jamus, mai LokSound, sun fito da na'urorin da suka haɗa tuƙi da sauti wuri guda.

Daga nan masu saye suka fara tambayar wane inji ne suke ji, kuma suna da gaskiya. Injin kamfanin EMD samfurin 567 da ya fito a 1938, da ƙannensa 645 da 710, masu bugu biyu ne, ƙararsu a jere take ba tsinkewa. Lambobin kuwa girman cikin kowace silinda ne a ma'aunin inci. Injunan kamfanonin GE da Alco masu bugu huɗu ne, ana jin kowane bugu yana fita da nauyi. Ko cikin 645 ɗin, mai tabo (turbo) yana da wani siririn fito da marar tabo ba shi da shi. Ham ma haka: na kamfanin Nathan dabam, na Leslie dabam.

Aikin naɗar kansa yana bukatar haƙuri. Ana kafa makirufo a bakin salansa, wani a gefen ɗakin inji, wani can nesa. Direba ya tayar da inji, ya riƙe kowane mataki na ɗan lokaci, sannan a ɗauki hawa da sauka tsakanin matakai, domin a nan ne inji ke nuna halinsa. Ham, ƙararrawa, kwamfuresa, hucin birki da ƙarar ƙugiyar taragu, kowanne ana ɗaukarsa shi kaɗai. Abin da ya fi wuya shi ne kaya. Injin da aka ba wuta yana tsaye ba ya jan komai, muryarsa ba ta da nauyi. Saboda haka ake neman kan jirgin da zai iya juye wutar janaretansa cikin wayoyin birkin lantarki ta zama zafi, inji ya yi aiki tuƙuru alhali jirgi bai motsa ba. A ɗakin tacewa sai a yanka kowane mataki ya zama gajeren zagaye mai maimaita kansa, a ɓoye mahaɗin yadda kunne ba zai kama shi ba.

A tsakiyar shekarun 2010 na'urori suka ba mai tuƙi damar riƙe gudun jirgi wuri ɗaya yana ƙara wa inji wuta, wasu kuma suna auna wahalar da ƙaramar motar lantarkin jirgin ke sha su daidaita ƙarar da kansu. Matsalar da ta rage ita ce lasifika. A ma'aunin HO jirgin kashi 1 ne cikin 87 na ainihin girmansa, kuma ko da ƙananan lasifikun da aka aro daga wayar salula sun kyautata sauti ƙwarai, ba sa iya fitar da gurnanin da mutum ke ji a ƙirjinsa idan yana kusa da dogo. Shi ya sa wasu ke ƙara babbar lasifika a ƙarƙashin tebur.

Tsofaffin injuna kuma suna ƙarewa. Alco ya daina ƙera kan jirgi a Amurka tun 1969, saboda haka masu naɗa suka dogara ga gidajen tarihi da ƙananan kamfanonin dogo da har yanzu suke iya tayar da irin waɗannan injuna.