Sinadarin daƙile gobarar daji

Sinadarin daƙile gobarar daji haɗin sinadarai ne da ake zubawa a kan ciyawa da itatuwa domin rage saurin yaɗuwar wuta. Galibi jiragen sama ne ke feso shi a gaban wutar ko a gefenta, ba a kan harshenta ba, don a yi shingen da zai ba ma'aikatan kashe gobara na ƙasa damar aiki. An fi amfani da shi a Amurka, Kanada, Ostareliya da kudancin Turai.

Tarihi

A shekarun 1950 jiragen kashe gobara a Amurka suna zuba sinadarin boret, amma aka daina saboda yana kashe ƙasa har tsiro ya kasa fitowa. A farkon shekarun 1960 kamfanin Monsanto ya fito da Phos-Chek, wanda aka haɗa da fosfet, kuma Hukumar Kula da Gandun Daji ta Amurka ta amince da shi. Yanzu kamfanin Perimeter Solutions ne ke yin sa. Shi ne jan ruwan da aka ga jirage suna zubawa lokacin gobarar Los Angeles a watan Janairu na 2025.

Abin da ya ƙunsa da yadda yake aiki

Kusan kashi 85 cikin ɗari na haɗin ruwa ne, kusan kashi 10 kuma gishirin amoniyam fosfet, irin wanda ake yin takin zamani da shi. Ragowar ya ƙunshi abin ƙara kauri don kada iska ta watsa shi, maganin tsatsa don kare tankunan jirgi, da jan launi da ke nuna wa matuƙa inda aka riga aka zuba.

Idan zafi ya taɓa tsiron da aka fesa wa, fosfet yana sauya yadda zaren tsiron ke ƙonewa: maimakon ya fitar da iskar gas mai kamawa da wuta, sai ya zama gawayi da tururi. Saboda haka sinadarin yana ci gaba da aiki ko bayan ruwansa ya bushe, har sai ruwan sama ya wanke shi. Sai dai ba ya kashe wuta shi kaɗai, kuma iska mai ƙarfi tana iya tsallakar da tartsatsi bayan shingen.

Illa ga muhalli

Babbar illarsa tana cikin ruwa. Amoniya guba ce ga kifi da sauran halittun ruwa, musamman a ƙananan rafuka. A shekarar 2002 an zuba sinadarin bisa kuskure a kogin Fall na jihar Oregon, kifaye kimanin 20,000 suka mutu. Fosfet da naitirojin kuma suna haddasa yawaitar gansakuka, wadda ke rage iskar shaƙa a cikin ruwa.

A tudu, sinadarin yana aiki kamar taki, abin da kan ba baƙin ciyayi masu saurin girma damar danne tsirran asali na yankin. Wani bincike na Jami'ar Kudancin Kalifoniya da aka wallafa a 2024 ya gano ƙarafa masu guba a cikinsa, irin su kuromiyam, kadmiyam da banadiyam.

Dokoki da shari'a

Ƙa'idar Hukumar Gandun Daji ta hana zuba sinadarin a cikin tazarar ƙafa 300, wato kimanin mita 90, daga koguna da tafkuna, sai idan rayukan mutane na cikin haɗari. A 2022 wata ƙungiyar kare muhalli mai suna FSEEE ta kai hukumar kotu a jihar Montana. A watan Mayu na 2023 alƙali Dana Christensen ya yanke hukunci cewa zuba sinadarin cikin ruwa ba tare da izini ba ya saɓa wa Dokar Tsaftar Ruwa, amma ya bar hukumar ta ci gaba da amfani da shi yayin da take neman izinin, saboda hana shi zai iya jefa rayuka da dukiyoyi cikin haɗari mafi girma.