Tarihin Hanyar Jirgin Ƙasa ta Ƙarƙashin Titin Atlantic a Burukilin

Wannan maƙala za ta yi waiwaye ne a kan wata hanyar jirgin ƙasa da ke binne a ƙarƙashin titin Atlantic, a Burukilin ta ƙasar Amurka, wadda aka yi fiye da ƙarni guda ana zaton ta shafe.

Kamfanin jiragen ƙasa na Long Island ne ya gina ta a shekarar 1844. A lokacin, jiragen kan ratsa tsakiyar titi zuwa bakin ruwa, ga shi kuwa ba su da birki mai ƙarfi, ga jama'a da kekunan doki suna kai da komowa. Saboda haka aka haƙa rami mai tsawon kimanin mita 767, aka yi masa rufin tubali mai siffar baka, sannan aka mayar da titi a kansa.

Sai dai hanyar ba ta yi tsawon rai ba. A shekarar 1859 aka kafa dokar hana jirage masu tururi shiga birnin, kuma a 1861 aka rufe ta. A nan ne gizo ke saƙa. An biya ɗan kwangila, Electus Litchfield, domin ya cike ramin da ƙasa. Shi kuwa sai ya toshe bakunansa biyu kawai, ya bar cikin fayau. A takarda rami ya cike, mutane kuma suka gaskata takarda.

Daga nan jita-jita ta maye gurbin tarihi. Har a shekarar 1916, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, jami'an bincike na gwamnati sun fasa rufin suna neman 'yan leƙen asirin Jamus, ba su sami kowa ba, suka sake toshewa.

Wani matashi ɗalibi, Bob Diamond, shi ya tono maganar a 1980 bayan ya ji an ambaci ramin a rediyo. Ya yi ta bin tsofaffin jaridu da taswirori har ya gano mashiga ta wani murfin rami da ke mahaɗar titin Atlantic da titin Court. Tun daga 1982 ya riƙa kai masu yawon buɗe ido ciki, kuma a 1989 aka sanya wurin cikin jerin wuraren tarihi na ƙasar. A ƙarshen 2010 hukumomin birnin Niyok suka hana shiga, bisa dalilin cewa ƙofa ɗaya tak gare shi, idan gobara ta tashi babu mafita.