Luciano Pavarotti: Ɗan Mai Burodi Da Ya Fito Da Opera Fili

Mai karatu, opera wasan kwaikwayo ne da ake rera shi da waƙa tun daga farko har ƙarshe, kuma bisa al'ada ba a amfani da lasifika. Muryar mawaƙi ce kaɗai za ta keta ƙarar kayan kiɗa ta isa ga mutumin da ke kujerar ƙarshe. Namijin da muryarsa ke tashi can sama shi ake kira tenor, kuma galibi shi ke fitowa a matsayin masoyi ko jarumi. Cikin irin waɗannan mawaƙa, ba a yi wanda talakawan duniya suka sani kamar Luciano Pavarotti ba.

An haife shi a garin Modena na ƙasar Italiya a 1935. Mahaifinsa mai gasa burodi ne da ke taɓa waƙa, mahaifiyarsa kuwa ma'aikaciya ce a masana'antar taba. Sai da ya koyar a firamare, ya kuma yi tallar inshora, kafin ya hau dandamali a 1961 a garin Reggio Emilia, cikin wasan La bohème. A 1963 ya maye gurbin Giuseppe Di Stefano a Covent Garden da ke Landan. Amma ranar da sunansa ya kafu ita ce ta 1972 a gidan Metropolitan na New York, inda a waƙa ɗaya ya kai muryarsa ƙololuwa sau 9 ba tare da alamar wahala ba. Sau 17 'yan kallo suka dawo da shi gaban labule da tafi.

To, daga nan ne labarin ya rabu biyu. A 1990, ana gobe wasan ƙarshe na gasar cin kofin duniya, ya yi waƙa a birnin Rum tare da Plácido Domingo da José Carreras. Mutanen da ba su taɓa leƙa gidan opera ba suka haddace muryarsa. A 1991 ya tara jama'a a Hyde Park cikin ruwan sama, a 1993 kuma a Central Park. Waƙar masu hannu da shuni ta fito fili, kowa ya samu.

Sai dai gidajen opera ba su yi masa sassauci ba. A 1989 gidan Lyric Opera na Chicago ya yanke hulɗa da shi, bayan ya soke fitowa 26 cikin 41 da aka shirya. A 1992 kuma, a La Scala da ke Milan, muryarsa ta karye a wasan Don Carlo, 'yan ƙasarsa suka yi masa ihu. Masu suka na cewa taron fili da lasifika sun saba masa da sauƙi, alhali dandamali atisaye yake so da haƙuri.

Wasansa na opera na ƙarshe shi ne Tosca, a New York a 2004. A 2006 ya bayyana a bikin buɗe gasar Olamfik ta hunturu a Turin. Daga baya jagoran makaɗansa, Leone Magiera, ya bayyana cewa muryar da aka ji a daren nan naɗaɗɗiya ce, domin jikinsa ba zai iya ɗaukar waƙa a sanyin ba. Ciwon daji ya yi ajalinsa a Modena ranar 6 ga Satumba, 2007.